Ganyen Ramlatu da Kofunan Hajiya Hasiya

Bayan ƙaramar Sallah da kaɗan ne garin Guangzhou ya shiga yanayin nan nasa da bango ke gumi. Ba ruwa ake yi ba, rana kuma ba ta fito ba. Ka taɓa ƙofa ka ji ta jiƙe, ka taka tayil santsi ya ɗebe ka, rigar da ka shanya tana nan yadda ka bar ta har ta soma wari. A irin wannan safiyar Ramlatu ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gadonta a ɗakin kwanan ɗalibai, can Tianhe, ta ga gefen katan ɗaya ya yi fari-fari. Fumfuna ce ta soma kamawa.

Katan shida ne a wurin, kuma duk karatunta yana cikinsu. Ramlatu ilimin tsirrai take karanta, digiri na uku. Manyan itatuwan da kowa ke ɗaga kai ya kalla ba su ne nata ba. Nata ƙananan nan ne da ke fitowa a gindinsu, cikin inuwa, inda rana ba ta sauka sai ɗigo-ɗigo. Damina uku ta yi tana zuwa kurmin tsibirin Hainan. Ko'ina suka tsaya sai su kewaye ɗan fili da igiya, kamar faɗin tabarma, ta tsuguna ta ƙirga duk abin da ya tsiro a ciki, matsattsaku na hawan safarta. Wanda ta san sunansa ta rubuta. Wanda ba ta sani ba, su ne kuwa masu yawan, sai ta cire guda ta shimfiɗa shi cikin fallen jarida, ta rubuta lamba da fensir a gefen jaridar, a danne shi tsakanin katakai har ya bushe. A kwamfutarta lambar ce kawai ke zaune: fili kaza, lamba kaza ta fito sau kaza. Sai ranar da masani ya buɗe jaridar ya dubi ganyen ya ce ai wannan wane ne, sannan lamba ta koma suna. Wato dai jaridar ce ke haɗa ganye da wurin da aka same shi.

Masanin kuwa yana tafe. Wani dattijo ne ɗan China, malamarta ta sha wuya kafin ya yarda zai zo ya zauna da ita ɗan lokaci. In ya sa sunayen, ta rubuta babin ƙarshe, shi ke nan ta gama a bana ta koma Kano. Ɗakin ajiyar sashensu ana gyaransa, shi ya sa kayan suka ƙare a ƙarƙashin gado.

Ta kira mota ta loda su, sai unguwar Xiaobei. Kawu Gidaɗo, ƙanin mahaifiyarta, ya daɗe yana aikin kago a ginin Tianxiu, yana aika wa 'yan kasuwa kayansu gida. Ofishinsa ɗaki ɗaya ne da ɗan sito a baya, a siton kuma akwai injin da ke tsotse danshi saboda takalma da jakunkunan fata na mutane.

Ta same shi da waya a kunne, wata wayar tana ƙara a kan tebur.

"A'a, Dakta da kanta! Mahamadou, karɓi kayan Dakta."

"Kawu, ban fa zama ba tukuna. Ina wuni?"

"Za ki zama ai. Lafiya lau. Me muka samu? Kin fara kasuwanci ne ba ki gaya mini ba?"

"Kayan makaranta ne, Kawu, ganyayyakin da nake aiki a kansu. Danshi ne ba sa so. Na ce a ajiye mini su kusa da injin nan, mako mai zuwa in zo in ɗauka."

"An gama. Danshi ba zai taɓa su ba, ni na gaya miki." Ya mayar da baki kan waya da guntun Sinancinsa, inda lauban ke nufin maigida, meyo kuma babu. "Lauban, meyo, meyo! Baƙi na ce maka, ka kawo mini ruwan ƙasa?"

Ta so ta ƙara bayani, amma mutane sun yi layi a bakin ƙofa, ita kuma tana jin nauyin tsayar da babba a bakin aikinsa. Da za ta fita ta wuce Mahamadou, mutumin Maraɗi da ke ɗaure wa Kawu kaya shekara da shekaru. Yana zaune yana fitar da takalma daga kwalayensu, yana zare takardar da aka cusa musu, yana jera su ƙafa da ƙafa a leda. Haka aikin yake a Xiaobei. Masana'anta ta cika katan da takarda da soso don kaya su yi kyan gani, ɗan kasuwa kuma shi zai ɗauki nauyin jigilar takardar har Kano. Don haka duk abin da ya shigo sai an zazzage shi, a ware iri da iri, a matse. Ba mai roƙon a yi masa, sai dai godiya in an yi. Ramlatu ta ga wannan sau ba adadi. Ta yi wa Mahamadou sannu da aiki ta wuce.

Ranar da ta dawo da hantsi ne, washegari masanin zai iso. Kawu na ganinta ya ajiye waya, abin da ba ya yi wa kowa.

"Kawu, na zo ɗaukar katan ɗina. Mota na jira a ƙasa."

"Wace mota? Sallame shi, a jirgin ƙasan metro za ki koma. Mahamadou, kawo wa Dakta kayanta ta ga aiki."

Mahamadou ya fito daga sito da jakar Gana-mas-go guda ɗaya, yana lilo da ita a hannu ɗaya don ta ga ba nauyi. Ya ajiye a gabanta yana murmushi.

Ramlatu ta dubi jakar, ta dubi ƙofar sito, tana jiran sauran.

"Kin san me ya faru?" in ji Kawu. "Na ɗaga katan ɗin nan na ji nauyi, na ce ganye ne wannan? Na buɗe. Jarida! Jarida a kan jarida, ganye ɗaya tal a tsakiya. Na ce wa ya yi wa yarinyar nan wannan haɗin? Sun ga baƙuwa ce. Kuma takarda ai ita ke jan danshi, kowa ya sani. Wuni guda muka yi a kai ni da Mahamadou, na ma hana a karɓi kayan kowa."

Ta durƙusa ta ja zif. Ledoji ne farare, an jera su tsaf. Dogayen ganye an haɗa su wuri ɗaya, masu faɗi wuri ɗaya, masu gashi-gashi nasu daban, masu fure nasu daban. Har kwali aka yanka aka sa wa kowace leda a baya don kada su karye. Ƙanshin kurmi ya taso mata. Ta ɗaga leda ɗaya ta juya, ta ɗaga ta biyu. Babu lamba ko ɗaya.

Ba ta san lokacin da ta zauna a ƙasa ba, a kan tayil ɗin nan mai sanyi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Ke, lafiya? Wani ya karye ne? Mahamadou, na ce maka a hankali!"

"Walahi Alhaji ko ɗaya ban karya ba," in ji Mahamadou. "Malama, mi ya faru?"

"Jaridun," ta ce. Muryar kamar ba tata ba. "Kawu, ina jaridun?"

"Jaridu kuma? Tsofaffin jaridun China? Ko karanta su kike yi?"

"Ni na sa su, Kawu. Da hannuna. Kowace da lamba a gefe."

Kawu ya zuba mata ido. Wayarsa ta soma ƙara, bai duba ba.

Ta buɗe kwamfutarta a kan gwiwa, ta juya masa ita. Layi-layi ne na lambobi, tana ja suna tafiya ba iyaka. Ta gaya masa a hankali, yadda za ta gaya wa mara lafiya, cewa kowace lamba ganye ce, kowane ganye kuma daga wani ɗan fili yake a cikin kurmi. Yanzu ga ganye a jaka, ga lamba a kwamfuta, ba wanda ya san wane ne na wane.

"Kamar a cire sunayen mutane daga jikin kayansu," in ji Kawu, can ƙasa-ƙasa, "a zuba a kwantena ɗaya."

"Haka ne, Kawu."

Ya lalubi kujera ya zauna. Ya cire hula ya riƙe a hannu yana kallon jakar.

"Na nawa ne? Ina nufin aikin wane lokaci ne?"

"Damina uku."

"La ilaha illallah."

Wani mai kaya ya leƙo, ya ga fuskokinsu, ya ja da baya ba tare da ya yi sallama ba.

Can Kawu ya gyara zama, ya rage murya. "To, Ramla, tsaya. Ga ganye, ga lamba. Jarida ai ba ta ƙare a garin nan ba. In aika a sayo, ki zauna ki bi su ki sa wa kowa lamba. Ke kika cire su, za ki tuna da yawa. Sauran kuma, wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"Ganye ne fa, ɗiyata."

"Kawu, abin da na rubuta ba nawa ba ne ni kaɗai. Haɗa shi za a yi da na wasu, daga kurmin ƙasashe da yawa, a ajiye wuri ɗaya. Wani zai zo bayan shekaru ya ce Ramlatu ta ga tsiro kaza a bakin rafi kaza, ya je ya duba bai gani ba, ya rubuta cewa ya ɓace. Alhali ni na ƙaga. Ba zan iya ba."

Kawu ya mayar da hularsa ya sake cirewa. "Mahamadou, ina muka kai jaridun?"

Mahamadou ya sunkuyar da kai. "Kofunan Hajiya Hasiya, Alhaji. Kai ka ce kada a yi asara, a naɗe mata gilasai da su. Kofuna da farantai, duka da su na naɗe. Jiya mota ta kai su babban sito."

"Yau ake loda kwantenar," in ji Kawu. Ya faɗa kamar wani ne ke gaya masa.

"Ko an samo su, Kawu, me za su yi mini? Lamba ce a jarida, ganye kuma ya riga ya bar ta."

"Na dai lura da su," in ji Mahamadou, yana neman abin da zai faɗa mai daɗi. "Wajen tabon ma ciki na riƙa juyawa, kada Hajiya ta ce mun naɗe mata kaya da datti."

Ramlatu ta ɗago. "Wane tabo?"

"Tabon ganyen. Kowace da shi."

"Akwai wadda ta rage?"

Ya shiga sito ya fito da falle ɗaya, wanda ya shimfiɗa a ƙarƙashin butar shayi. Ramlatu ta karɓa ta nufi taga. Ga lambarta nan a gefe, rubutun hannunta. A tsakiya kuma ga tabo ruwan ƙasa, ɗanyen ganye ya zubar da ruwansa a nan lokacin da aka danne shi. Shatin ganye uku ne a kan kara mai lanƙwasa, ɗaya ƙwaro ya ci gefensa. Ta sha ganin irin wannan tabon ba ta taɓa kula shi ba. Ta koma jaka ta buɗe ledar masu faɗi, tana ɗagawa ɗaya-ɗaya da bakin yatsa. Ta daɗe. Kawu da Mahamadou na tsaye a kanta, ba mai tari. Can ta ɗauko wani ta ɗora a kan tabon, ta ɗan juya shi. Ya zauna daram, har wurin da ƙwaron ya ci.

"Allahu Akbar," in ji Mahamadou.

"Tashi mu tafi babban sito," in ji Ramlatu. "Kawu, mu je a buɗe su kafin a loda."

Kawu ya ɗauki waya, amma bai tashi ba. "Kayan mutane ne, Ramla. An ɗaure an rubuta suna. In aka buɗe yau ba za su shiga kwantenar nan ba, ita kuma kasuwar babbar Sallah take nema da su. Ba zan taɓa ba sai na tambaye ta."

Ya kira, ya sa a fili don kowa ya ji. Hajiya Hasiya babbar 'yar kasuwa ce a Kano, mai shagon kayan kicin, ta zo sari ne tana shirin komawa. Hayaniyar kasuwa na tashi a bayanta.

"Alhaji Gidaɗo, in dai ƙarin awo ne ka kashe wayarka."

"Ba shi ba ne, Hajiya. Wata alfarma ce." Ya yi mata bayani, yana tuntuɓe a kan maganar. Sau biyu ta ce ya sake.

"Tsaya in gane. Takardar da kuka naɗe mini kofi ita ce karatun yarinya?"

"Kusan haka ne."

"Kai ka cire?"

"Ni na cire."

"Kuma yanzu izinina kake nema ka buɗe nawa."

"Amana ce, Hajiya."

"To madalla. Nata fa, ka tambaye ta kafin ka buɗe?"

Kawu ya dubi Ramlatu, ya kawar da ido. Mahamadou ya juya yana gyara salatef ɗin da ba abin da ya same shi.

"Ba ni yarinyar," in ji Hajiya. "'Yata, ke ce mai ganye? Shekara nawa kina wannan abu?"

"Uku, Hajiya."

"A daji?"

"A daji."

"Da macizai?"

"Akwai su, Hajiya."

"Innalillahi. Mu muna nan muna kukan zafin kasuwa. Ku biyo ku ɗauke ni, ina bakin gadar nan. Ba mai taɓa mini gilashi ba na wurin, na san hannun Mahamadou."

Babban siton yana bayan gari, tafiya ce mai ɗan nisa. A mota ba wanda ya yi magana sai Hajiya, ita ma da ta ga ba mai tanka mata sai ta kama jan carbi. Ramlatu ta rungume jakar a cinya. Kawu na gaba yana ta kiran mai siton, ba a ɗauka.

Suna shiga harabar suka ga kwantenar a buɗe, ma'aikata na ta tura kaya ciki. Kawu ya sauka tun motar ba ta gama tsayawa ba, yana ɗaga hannu yana kiran lauban. Mai siton ya fito da sigari a baki. Suka yi ta yi, rabi da Sinanci rabi da hannu. Mutumin ya nuna agogo, ya nuna direban da ke jira, ya nuna cikin kwantenar. Kayan Hajiya kashi biyu ne. Farantai su aka fara sakawa tun da safe, suna can ƙurya, an jibga injinan niƙa da katifu da tayoyi a gabansu har rufi. Kofunan ne ke waje a kan katako, ana shirin ɗauka.

"Meyo," in ji mai siton, yana nuna ƙuryar. Ya girgiza kai. Sauke kayan mutum goma don a ciro tsohuwar jarida, ko kusa.

Ramlatu ta tsaya a bakin kwantenar tana kallon katifun. Daga inda take zuwa inda jaridunta suke bai fi ta yi 'yan taku ba. Wani ma'aikaci ya ce ta matsa, ba ta ji ba, sai da Hajiya ta kamo hannunta ta janye ta.

"Waɗancan sun tafi, 'yata. Ki dubi waɗannan." Ta juya ga Kawu. "A sauke kofunan."

"Hajiya, ba za su riski Sallah ba."

"Na ji ka tun a waya. Mutanen Kano su sha ruwan Sallah a tsohon kofi, ba za su mutu ba. Amma kai za ka sake naɗe su, da hannunka, ba Mahamadou ba."

Aka ja katan-katan ɗin gefe guda. Kawu ya yanke salatef da kansa. Kowane kofi an murɗe shi cikin jarida an cusa sauran a bakinsa. Hajiya ta shimfiɗa mayafinta ta zauna tana warewa, Mahamadou na miƙar da takardun a kan gwiwarsa, Ramlatu na karɓa tana duba gefe. Wata lambar na nan. Wata an yage daidai wurin, saboda kofin ƙarami ne an raba fallen biyu. Duk wadda aka samu a yage sai Mahamadou ya ce "Astagfirullah" kamar yanzu ya yaga ta. Ma'aikatan siton suka taru suna kallo: Alhaji mai babbar riga a durƙushe, yana jera kofuna tsirara a ƙasa yana lallaɓa tsohuwar jarida kamar sabon yadi. Suna nan a haka aka rufe kwantenar aka sa mata kwaɗo, mota ta ja ta fita. Ramlatu ta bi ta da ido har ta sha kwana.

Washegari ta je ta gaya wa malamarta komai, ba ta rage ba. Malamar ta cire tabarau ta dube ta, ta sake tambaya ko ta ji daidai, kofuna? Daga nan ta ba ta babban teburin ɗakin gwaji, ta roƙi dattijon masanin ya fara da duk abin da aka samu.

Haka Ramlatu ta zauna kwana da kwanaki, jarida a hagu, ganye a dama. Masu kauri da ruwa sun bar shati sosai, ba su ba ta wuya ba. Sirara kuwa, irin masu kama da gashin tsuntsu, wasu ba su bar komai ba sai ɗan dishi-dishi. Kawu ya riƙa rufe ofis bayan la'asar yana hawa metro ya zo, da abinci a leda. Ba a barin baƙo ya shiga ɗakin, sai ta fito masa da tire ɗaya baranda ya gani.

Wata rana ta nuna masa jarida ɗaya da ganye biyu. Duk biyun sun hau tabon, kusan.

"Wannan ne," in ji Kawu, ya nuna na dama. "Dubi wutsiyar."

"Zai yiwu, Kawu."

"To sa shi mana."

"Zai yiwu kuma ɗayan ne." Ta ɗauke su duka ta sa a wani kwali da ke gefe. Kwalin ya kusa cika.

Kawu ya daɗe yana kallon kwalin. "Duk waɗannan?"

"Duk waɗannan ban tabbata ba."

"In aka haɗa da na kwantena fa?"

"Sun fi rabi, Kawu."

Da masanin ya gama abin da zai iya ya tafi, malamar ta zauna da ita suka duba abin da ya tsira. Bai isa a rubuta babin ba. Na kwantena sai bayan watanni, kuma ba wanda ya san a yadda za su iso. Filayen dai suna nan a kurmi, da turakun da ta kafa. Hanya ɗaya ce: ta koma in damina ta sauka, ta sake bin waɗanda suka ɓace. Gamawa sai baɗi.

Ita ta kira mahaifiyarta ta gaya mata ba za ta zo bana ba. Ba ta faɗi dalili ba, ta ce aiki ne ya ƙaru. Kawu ne ya kira yayar tasa daga baya ya faɗa mata da bakinsa. Mahamadou ya ce daga sito yana jin muryarta, kuma Alhaji bai ce komai ba sai "Haka ne, Yaya" har aka gama.

Ramlatu na Hainan, damina ta yi nisa, Hajiya Hasiya ta dawo sari. Ta shigo ofishin Kawu tana jan ƙaramin akwati ta ajiye a gaban teburinsa.

"Ga tsarabar Dakta. Farantai sun isa. Na tsaya a kan yaran shago, duk wadda aka ware sai da aka goge ta da dutsen guga. A filin jirgi ma'aikacin ya buɗe ya ga jaridun ƙasarsu na dawo musu da su daga Kano, ya kira abokinsa ya zo ya gani. Na ce ku dai rufe mini."

Kawu ya miƙa hannu wajen zif ɗin, sai ya tsaya. Ya ɗauki waya. Sai da ya kira Ramlatu ya sake kira kafin ta ɗauka, ana jin ruwa na zuba a kan ganye a bayanta.

"Ramla, jaridunki sun dawo. Suna gabana a akwati."

"Duka, Kawu?"

"Ban sani ba. Ban buɗe ba. In buɗe in duba miki?"

"A'a, Kawu. A bar shi sai na zo."

"To."

Ya ɗauki akwatin da kansa ya kai sito, ya ajiye kusa da injin danshi. Mahamadou ya zo wucewa da kaya, ya sa ƙafa zai ɗan matsar da shi.

"Kai," in ji Kawu. "Zagaya."